Haƙoran roba a kan ƙusoshin dashe: ina ribar take, ina nauyin yake?

Duk wanda ya zauna da mai amfani da haƙoran roba na baki gaba ɗaya ya san na sama da na ƙasa ba halinsu ɗaya ba. Na sama yakan zauna lafiya, domin yana da faɗin ganɗa da zai lafe a kai, miyau ya shiga tsakani ya manne shi. Na ƙasa ba shi da wannan gata. Kan wani ɗan siririn tudu yake hawa, harshe na tunkuɗarsa ta ciki, kumatu da leɓe na tunkuɗarsa ta waje. Sai ka ga dattijo zai yi dariya ya kai hannu baki, ko ya zauna cin abinci cikin mutane yana tsince mai laushi, yana taunawa a hankali, yana danne haƙoran da harshe don kada su ɗaga. Da yawa daga ƙarshe sukan jefa na ƙasan a kofi, su ci gaba da fama da dasashi tsirara. Kuma ba mutane kaɗan ake magana ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 7 cikin ɗari na masu shekara 20 zuwa sama sun rasa haƙoransu kakaf, a cikin masu shekara 60 zuwa sama kuwa abin ya kai kusan kashi 23.

Sau da yawa akan ɗora wa likitan da ya yi awo laifi, alhali matsalar tana can ƙarƙashin dasashi. Ƙashin da ke riƙe saiwar haƙori, don haƙorin yake wurin, kuma nauyin taunar da saiwar ke sauke masa ne ke sa jiki ya ci gaba da raya shi. Ranar da aka cire haƙori, jiki ya fara janye kayansa. An auna cewa faɗin tudun na iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko, mafi yawan raguwar kuma a watanni ukun farko take faruwa. Bayan nan zaizayar takan lafa amma ba ta tsayawa. A 1972 wata mai bincike, Antje Tallgren, ta wallafa sakamakon bin diddigin masu haƙoran roba har na tsawon shekara 25, inda ta nuna cewa muƙamuƙin ƙasa na zaizayewa kusan ninki huɗu na na sama. Ke nan wurin da ya fi buƙatar mariƙi shi ne ya fi saurin cinyewa. Haƙoran da suka yi daidai bana sai su yi sako-sako bayan ƴan shekaru, haɓa ta fara matsowa kusa da hanci, leɓɓa su faɗa ciki. In abin ya yi nisa, har jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji takan wayi gari dab da saman tudun, robar ta riƙa danna ta, kowace loma ta zama azaba.

Wannan ciwon ne dashe, wato kafa ƙusoshin ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi don su riƙe haƙora, ya zo magancewa, kuma asalinsa ba daga ɗakin likitan haƙori ya fito ba. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin yadda jini ke gudana cikin ƙashi. Ya saka wasu ƴan na'urorin leƙe na ƙarfen taitaniyom a ƙashin ƙafar zomaye, da ya zo cire su sai suka ƙi fita, ƙashi ya riga ya girma ya kama ƙarfen gam. Dalilin shi ne taitaniyom da zarar ya haɗu da iska sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda jiki ba ya yi wa kallon baƙo. Brånemark ya shafe shekaru yana gwaji kafin a 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa wa mutum na farko ƙusoshi a muƙamuƙin ƙasa. Mutumin ya rayu da su fiye da shekara 40, har ya rasu a 2006. Duk da haka likitocin haƙori sun daɗe suna ɗari-ɗari da abin, sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada a 1982 ne duniya ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Ita ƙusar ƴar ƙarama ce, mai murɗi a jikinta, kaurinta bai fi milimita huɗu ba galibi, tsawonta kuma wajen milimita goma ko fiye kaɗan. Kafin a taɓa baki sai an ɗauki hoton muƙamuƙi mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, don a ga yawan ƙashin da ya rage da kuma inda jijiya ta bi. Ranar aikin akan yi allurar kashe zafi, a buɗe dasashi, a fara huda ƙashi da siririn bakin injin huji, sannan a riƙa canza baki zuwa mai kauri har ramin ya yi daidai da ƙusar. Duk tsawon lokacin nan ruwan gishiri mai sanyi na kwarara a kan bakin injin, mataimaki na zuƙe shi da tiyo, likita na shiga yana fita da injin a hankali ba ya dannawa. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ƙashi ba ya jure zafi: in ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya kawai, ƙwayoyinsa sukan fara mutuwa, kuma mataccen ƙashi ba ya kama ƙusa. Daga nan sai a murɗa ta ciki, a ɗinke, a jira. A tsarin Brånemark na asali akan jira wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, saboda ƙashin sama ya fi sakwa-sakwa. Ƙusoshin yanzu ana kausasa jikinsu don ƙashi ya yi saurin kamawa, lokacin jira ya ragu, amma jiki har yau shi ke da ta cewa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne abin da ake ɗorawa a kan ƙusoshin, domin iri biyu ne, kuma tallace-tallace sukan cakuɗa su.

Na farko shi ne wanda mai shi ke cirewa da kansa. Kan kowace ƙusa akwai ɗan tsini da ya leƙo sama da dasashi, a cikin haƙoran robar kuma akwai ɗan gurbi mai zoben roba a ciki. Aikinsu kamar na maɓallin rigar nan ne da ake dannawa ya ce ƙas: mutum ya ɗora haƙoran, ya danna da yatsu biyu, ya ji sun kama. Da dare ya sa babban yatsa ƙarƙashin gefe ya ɗaga, su fito, ya wanke su a hannu, ya goge tsinayen da buroshi. Akwai masu haɗa ƙusoshin da sandar ƙarfe haƙoran su riƙe sandar, akwai masu amfani da maganaɗisu, amma manufar ɗaya ce. A wannan tsari dasashi na ci gaba da ɗaukar wani kaso na nauyin tauna, musamman can baya, aikin ƙusoshin shi ne hana haƙoran ɗagawa da zamewa.

Na biyu shi ne kafaffe, wanda ake ɗaure jerin haƙoran gaba ɗaya a kan ƙusoshi huɗu zuwa shida da ƙananan noti, likita kaɗai ke iya kwance shi. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne tsarin All-on-4, wanda likitan haƙori ɗan ƙasar Fotugal, Paulo Maló, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. Dabararsa ita ce a kafa ƙusoshi biyu a miƙe ta gaba, biyun baya kuma a karkata su har zuwa kusan digiri 45, don a kauce wa jijiya a ƙasa da kogon iska na gefen hanci a sama, ba tare da an yi ƙarin ƙashi ba. Nan duk nauyin tauna a kan ƙusoshin yake sauka.

A zahiri na biyun ya fi burgewa, kuma ban musa cewa shi ya fi kusa da haƙoran da Allah ya halitta wa mutum ba. Amma a ganina babban labarin wannan fanni yana wajen na farkon, musamman ƙusoshi biyu tak a muƙamuƙin ƙasa. A 2002 ƙwararru suka taru a Jami'ar McGill da ke Montiriyal ta Kanada, suka duba binciken da aka tara, suka fitar da matsaya cewa ga wanda ya rasa haƙoran ƙasa duka, haƙoran roba masu zama kan ƙusoshi biyu su ya kamata su zama zaɓin farko, ba na gargajiya marasa mariƙi ba. A 2009 ƙwararrun Birtaniya suka jaddada hakan a wani taro a birnin York. Abin da ya sa wannan matsaya ta kwanta mini shi ne tsallen da ke tsakanin babu ƙusa da ƙusa biyu ya fi tsallen da ke tsakanin biyu da shida nesa ba kusa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tsoron haƙoransa su faɗo yana tsakiyar magana, ranar da suka daina motsi ya samu kaso mafi tsoka na abin da yake nema. Kuma gaban muƙamuƙin ƙasa, tsakanin ramukan biyu da jijiya ke fitowa, shi ne wurin da ƙashi ya fi tauri, ya fi daɗewa bai cinye ba. Aikin gajere ne, kashin kuɗinsa ya fi sauƙi, tsoho mai rauni ma yakan iya jure shi.

Muƙamuƙin sama wani labari ne daban. Ƙashinsa ba shi da ƙarfin na ƙasa, ga kogon iska a gefe da gefe wanda yakan ƙara faɗi bayan an rasa turame, har ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya koma ɗan siriri. Shi ya sa a sama akan nemi ƙusoshi aƙalla huɗu ko da haƙoran na cirewa ne, wani lokaci kuma sai an ɗaga shimfiɗar kogon an cusa garin ƙashi an jira watanni. In ƙashin ya ƙare ƙurmus, akwai dogayen ƙusoshi da ake kaiwa har ƙashin kunci, aikin da ba kowane likita ke taɓawa ba. Ribar da ake samu a sama ita ce a yanke robar da ke rufe ganɗa, mutum ya dawo yana jin ɗumi da laushin abin da yake ci, mai saurin yunƙurin amai kuma ya huta. Sai dai mai haƙoran sama da suka zauna masa lafiya, ba ya kuka da su, ban ga dalilin tura shi wannan dogon aiki ba.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa wa masu son kafaffe ba, wato leɓe. In ƙashi ya zaizaye sosai, ba haƙora kaɗai aka rasa ba, har da abin da ke tallafe leɓe daga ciki. Haƙoran cirewa suna da gefen roba mai hawa sama ya cike wannan gurbi, fuska ta dawo daidai. Kafaffe ba zai iya samun irin wannan gefe ba, domin in aka yi masa, babu yadda za a yi a wanke ƙarƙashinsa. Sai mutum ya kashe dukiya ya samu haƙora masu ƙarfi, amma leɓen sama na nan a lotse, wani lokaci ma iska na tsere masa ta tsakanin haƙoran da dasashi in yana furta wasu haruffa. Tun ran gini ran zane: likitan kirki yakan gwada wa mutum samfurin haƙoran da gefe da kuma babu gefe, ya miƙa masa madubi, kafin a huda ƙashi ko ɗaya.

To, ina nauyin yake? Ƙusa ba ta ruɓewa, ƙwari ba sa cin ta, wannan gaskiya ne, kuma bincike ya nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙusoshin da aka dasa suna nan daram bayan shekara goma. Amma haƙorin asali yana da abin da ƙusa ba ta da shi. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wasu ƙananan zarurruka masu jijiyoyi da hanyoyin jini, su ke sa haƙori ya ɗan lotsa in an ciji abu mai tauri, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa a sassauta. Ƙusa manne take da ƙashi kai tsaye, ba lotsawa, jin da take bayarwa kuma kaɗan ne. Mutum na iya cizo da ƙarfin da ya wuce kima bai sani ba, abin ya ƙare a kan haƙoran robar su tsage ko noti ya kwance. Haka nan dasashin da ke kewaye da ƙusa bai kama ta da ƙarfin da yake kama haƙori ba, don haka ƙwayoyin cuta sun fi samun hanya. Abin yakan fara da ja da kumburi da jini in an goge, wanda a wannan mataki ana iya mayar da shi baya da tsafta. In aka yi sakaci sai ya gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe ƙusar, kuma sau da yawa ba tare da wani ciwo ba. Wani nazari da Derks da Tomasi suka wallafa a 2015, inda suka tattara binciken da ya gabata, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 43 na masu dashe suna da kumburin dasashin, kusan kashi 22 kuma abin ya kai ga ƙashi. Ƙashin da ya tafi ta wannan hanya, dawo da shi aiki ne ja wur.

Nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a yi tunani sosai, domin tambayar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce: wa zai riƙa wanke abin nan nan da shekara goma sha biyar? Mai kafaffe dole kullum ya zura zare na musamman ta ƙarƙashin jerin haƙoran, ya zagaya da shi jikin kowace ƙusa, ya bi da ɗan siririn buroshi, wasu su ƙara da na'urar fesa ruwa. A gaban madubi ake yi, da ido mai gani da yatsu masu biyayya. Mai shekara sittin da ke yin wannan cikin sauƙi yau, ranar da ya kai tamanin hannu na iya rawa, ido ya yi rauni, ko mantuwa ta shigo, ko ya koma sai an yi masa komai. Mai jinya zai iya cire haƙoran cirewa ya wanke a famfo ya goge tsinaye biyu cikin ƴan mintuna. Zura zare ƙarƙashin kafaffe a bakin mara lafiyar da ba ya iya buɗe baki da kyau kuwa, ƙalilan ne za su iya. Wannan ma na daga cikin dalilan da wasu likitoci ke kwance kafaffe su mayar da shi na cirewa in shekaru sun ja.

Shi ma na cirewar ba a bar shi haka nan ba. Zobban robar da ke cikin gurabun sukan sake da yawan sakawa da cirewa, sai an riƙa canza su. Ƙashin can baya, inda babu ƙusa, yana ci gaba da raguwa, don haka lokaci-lokaci sai an cike ƙarƙashin haƙoran su sake zama daidai, in ba haka ba sai su riƙa lilo a kan ƙusoshin biyu. Kuma dole a cire su da dare dasashi ya sha iska. Duk wanda ya shiga wannan harka, ko wane iri ya zaɓa, ya ƙulla zumunci da likitan haƙori ke nan har ƙarshen rayuwa.

Game da waɗanda abin bai dace da su ba, maganar a taƙaice take. Tsufa shi kaɗai ba ya hanawa. Shan taba na rage jinin da ke isa dasashi, yana ƙara yiwuwar ƙusa ta ƙi kamawa. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewa, amma mai suga da ke kula da kansa ana yi masa. Wanda ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙora ya sani cewa ƙwayoyin da halin da suka jawo haka ba su tafi tare da haƙoran ba. Mai cizon haƙora cikin barci yana buƙatar shiri na musamman. Waɗanda suka fi buƙatar taka-tsantsan su ne wanda aka taɓa gasa wa ciwon daji a kai ko wuya, da mai karɓar magungunan hana zaizayar ƙashi, musamman allurai masu ƙarfi da ake yi wa masu ciwon daji, domin rauni a muƙamuƙinsu na iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu. Ɓoye wa likita irin wannan bayani ganganci ne.

Sai batun tallar nan ta “haƙora a rana ɗaya”. Ba ƙarya ba ce: in ƙusoshin sun kama da ƙarfi tun lokacin murɗawa, ana iya ɗaura haƙora a ranar. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne na wucin gadi ne, mutum zai yi watanni a kan abinci mai laushi, na dindindin sai ƙashi ya gama kamawa. Abin da ya fi damuna da wannan talla shi ne yadda take sa a raina haƙoran da suka rage. Mutum na da haƙora takwas ko goma da za a iya ceto su da jinyar dasashi da ciko, sai a ce a cire duka a huta, wani lokaci har a rage tsawon ƙashi don a samar wa sabbin wuri. Akwai bakin da ya lalace ta yadda wannan shi ne daidai, ba musu. Amma haƙorin da aka cire ba ya dawowa, ƙashin da aka yanke ma haka, kuma ko fiƙoƙi biyu masu lafiya da aka bari suna iya riƙe haƙoran roba, su riƙe ƙashin da ke kewaye da su, su kuma bar wa mutum jin cizonsa. Duk wanda aka ce wa a cire masa komai, ya cancanci ya nemi ra'ayin likita na biyu wanda ba shi zai yi aikin ba.

Akwai kuma wata ƴar takarda da mutane ke mantawa su karɓa. Kamfanonin da ke ƙera ƙusoshin nan suna da yawan gaske, kowanne da siffar kansa da notinsa da makullin kwance shi, kayan wani ba sa shiga na wani. In bayan shekara goma noti ya karye, mutum kuma ya sauya gari ko likitansa ya daina aiki, sabon likita sai ya zauna yana kallon hoton ƙashi yana ƙoƙarin gane ƙirar wane kamfani ce, wani lokaci a tarar an daina yin kayanta, ƙusa lafiyayya ta zama ba ta da amfani. Wannan ya fi samun waɗanda suka yi doguwar tafiya aka yi musu aikin cikin mako guda suka dawo. Don haka kafin a bar asibiti a nemi a rubuta sunan kamfanin, da samfurin ƙusar, da tsawonta da kaurinta, da wurin da aka dasa kowacce, a haɗa da hoton da aka ɗauka ranar da aka ɗora haƙoran, domin da shi za a riƙa gwada na kowace shekara a ga ko ƙashi ya fara ja da baya.